BABI NA BAKWAI: TSAGA DA JARFA A MA'AUNIN AL'ADA DA ADDINI

7.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. A zamanin da, ba labarin zuciya kaɗai fuska ke bayarwa ba, har asalin mutum da garinsu da gidan da ya fito ana iya karantawa a kumatunsa, saboda tsagar da wanzami ya yi masa tun yana jariri. A wasu sassan duniya kuwa, akwai al'ummun da suka mayar da fatar jikinsu tamkar allo, suna zana alamar addininsu a kanta domin kowa ya san abin da suka yi imani da shi. Wannan babi zai kwatanta al'adun biyu, tare da ɗaukar ƙasar Gwandu da ta Kabi a matsayin fagen misali. Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: me ya sa Bahaushe, wanda ya tsaga fuskarsa domin gado da ado da magani, bai ɗauki tsaga a matsayin alamar Musuluncinsa ba?

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambance tsaga da jarfa da ƙunshi;
(b) kawo rabe-raben tsagar Hausawa da dalilan yin kowace;
(c) bayyana misalai na zanen addini a wasu al'ummu;
(d) fayyace matsayin malaman Musulunci game da zanen jiki;
(e) tsara yadda zai koyar da wannan batu ba tare da ya muzanta wani ɗalibi ba.

7.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tsaga ita ce yanka fata da aska a wani tsari sananne, a bar wurin ya warke ya zama tabo. Tabon shi ne alamar, ko an shafa masa baƙin tukunya ko ba a shafa ba. Jarfa kuwa ƙananan tsage-tsage ne ko tsattsaga da ake yi kusa da kusa, a cusa baƙi a ciki, ta yadda launin zai zauna a ƙarƙashin fata har abada. Mata aka fi sani da ita, a fuska ko wuya ko hannu. Ita ce ta fi kusa da abin da Larabawa ke kira washmu, Turawa kuma tatu. Ƙunshi shi ne rina hannu ko ƙafa da lalle. Launinsa a saman fata yake tsayawa, shi ya sa yake ɓacewa cikin 'yan makonni.

Dalilin wannan bambanci yana cikin ƙirar fata. Fatar ɗan'adam hawa-hawa ce. Hawan sama kullum yana saɓulewa yana sabuntuwa, don haka duk abin da aka shafa masa tafiya yake yi. Hawa na biyu ba ya saɓulewa haka, to idan allura ko aska ta kai launi cikinsa, sai ƙwayoyin jiki su riƙe shi. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan bayani, domin a kansa malaman fiƙihu suka raba hukuncin lalle da na jarfa.

Mai wannan sana'a a ƙasar Hausa shi ne wanzami. Bayan aski, shi ke yin kaciya da ƙaho da cire belun wuya da tsagar jarirai, galibi a ranar suna. Sanin zafin askarsa ne ya sa Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa.

7.3 Rabe-raben Tsagar Hausawa

An saba raba tsaga gida uku.

(i) Tsagar gado. Ita ce wadda ɗa ke gada daga wajen mahaifinsa, mai nuna ƙabila ko zuriya. Fitacciya a ciki ita ce ta Gobirawa, wadda ake yi shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Kabawa ma suna da tasu mai layuka da yawa a kumatu biyu. A fadar Kano an san bayin sarki da tsagar uku-uku a gefen baki. Amfanin tsagar gado a zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi a fili yake: idan yaro ya ɓata ko aka kama shi, fuskarsa za ta faɗi inda ya fito.

(ii) Tsagar ado. Wannan ita ce wadda saurayi ko budurwa ke yi don kwalliya, kamar kalangu da 'yar baka da sauran jarfar mata.

(iii) Tsagar magani. Ita ce wadda ake yi a inda ciwo yake, kamar goshi ko ciki ko gaɓoɓi, a fitar da jini ko a shafa magani. Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A shekarar 1991 an gano gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana a duwatsun Alps na Turai kimanin shekara 5,300, aka ƙirga zane 61 a jikinsa, da yawansu a kan gaɓoɓi da baya, abin da ya sa wasu masana ke ganin na magani ne.

A cikin kashi na uku ne ake samun tsagar da ta jiɓinci imani. Misali shi ne ɗan wabi, wato yaron da aka haifa bayan 'yan'uwansa sun yi ta mutuwa suna ƙanana. A gargajiyance akan sa masa suna irin su Ajuji ko Ayashe, wani lokaci kuma a yi masa tsagar da ba ta gidansu ba, da nufin a ɓad da kamanninsa ga abin da ake zaton yana ɗauke 'ya'yan gidan. Wannan tsaga tana ɗauke da wani imani, amma tushensa tsohon addinin gargajiya ne na tsoron iskoki. Manufarta ma ɓoye yaro ce, saɓanin zanen addini da za a gani a gaba, wanda manufarsa bayyana mai shi.

7.4 Tsaga a Ƙasar Gwandu da Kabi

Duk wanda ya zauna a garuruwa irin su Kambaza da Dalijan a Ƙaramar Hukumar Gwandu, ko ya ci kasuwa a Kalgo, zai haɗu da dattawa masu fuskoki iri-iri. Dalili shi ne wannan yanki mahaɗa ce ta tarihi biyu. Na farko tarihin daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, da hedikwatarta a Surame. Na biyu tarihin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, kuma a shekarar ne jama'ar Shehu suka sauka a Gwandu. Bayan rabon daula a 1812, yammacinta ya zama a hannun Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829 aka rufe shi a Gwandu.

Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sun kafa sabuwar cibiya a Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 aka shafe shekaru masu yawa ana gwabzawa, ban da ɗan lokacin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ce ta zama alamar rufe wannan gaba, kuma daga ita bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu.

A irin wancan zamani, tsaga na iya nuna ɓangaren da mutum ya fito. Sai dai a nan ne ake so malami ya yi hattara. Tsagar Bakabe tana nuna zuriyarsa ne, ba ta cewa komai game da sallarsa. Musulunci ya shiga Kabi da Gobir ƙarnoni kafin jihadi, kuma a cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa masu tsaga da yawa. Saboda haka kuskure ne a koya wa yara cewa mai tsaga shi ne wanda ya ƙi addini, marar tsaga kuma shi ne ya karɓa.

7.5 Zanen Addini a Wasu Al'ummu

Sanannen misali a nahiyar Afirka shi ne na Kibɗawa, wato Kiristocin Masar. Har yau da yawansu suna ɗauke da ɗan ƙaramin zanen gicciye a cikin wuyan hannun dama, wanda akan yi tun ana yara. Su tsiraru ne a ƙasarsu, kuma alamar tana nuna wa duniya cewa mai ita ba zai musanta addininsa ba. A wasu majami'u ma akan duba ta a ƙofa saboda tsaro. A Birnin Ƙudus akwai gidan Razzouk, zuriyar Kibɗawa, waɗanda suka gaji sana'ar yi wa masu ziyara zane tun kaka da kakanni, har suna da tsofaffin hatimai na katako da ake dangwala siffar zanen da su kafin a bi da allura.

A Habasha, mata Kiristoci a yankunan Tigray da Amhara kan yi zanen gicciye a goshi ko wuya ko hannu. A Sudan an tono gawar wata mata da ta rayu wajejen shekara ta 700 Miladiyya, a cinyarta akwai zanen sunan Mala'ika Mika'ilu da haruffan Girka. Gidan tarihi na Birtaniya ya baje kolinta a 2014. A Bosniya, matan Katolika sun riƙa zana gicciye a hannuwansu a zamanin mulkin Turkawa. A jihar Chhattisgarh ta Indiya kuwa, wata jama'a mai suna Ramnami, waɗanda aka hana shiga wuraren bauta saboda ana ɗaukarsu ƙasƙantattu, sun fara rubuta sunan abin bautarsu Ram a jikinsu a ƙarshen ƙarni na 19, wasunsu tun daga goshi har ƙafa.

Idan aka lura, abu guda ya haɗa yawancin misalan nan. Jama'a ce da ke zaune ƙarƙashin ikon wasu, ko aka tsare mata ƙofar wurin ibada, sai ta sa alamar imaninta a inda ba mai iya ƙwacewa. Amma ba duk mabiya waɗannan addinai suka yarda da al'adar ba. Littafin Firistoci, sura ta 19 aya ta 28, ya hana tsaga jiki da yi masa zane. Da wannan aya Yahudawa suka haramta zanen, kuma da ita wasu ɗarikun Kirista suke ƙyamarsa har yau.

Akwai wani batu da kan rikita ɗalibai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar yake. Wannan riwaya ce ta asali, irin wadda al'ummu da yawa na Afirka ta Yamma suke da ita game da fitowa daga gabas. Ba ta isa hujjar cewa tsagar Gobirawa ta samo tushe daga gicciyen Kibɗawa ba, domin sun bambanta a siffa da wurin da ake yin su da kuma manufa.

7.6 Matsayin Musulunci

Jumhurin malaman Sunna sun tafi a kan haramcin washmu. Hujjarsu ta farko hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, waɗanda a cikinsu aka la'anci mai yin zanen da mai neman a yi mata. Ta biyu ita ce aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka lissafa canja halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umartar mabiyansa da su. Haka kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin yi wa fuska lalas, ko da ta dabba ce. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, kuma wanda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ke karantawa, ya kawo wannan hani a fili. Ke nan hukuncin sananne ne a zaurukan karatu na Gwandu da Sakkwato tun zamanin masu jihadi.

Akwai rassa uku da ya dace malami ya sani. Na farko, wanda aka yi wa tsaga ko jarfa yana yaro ba shi da laifi, domin ba da zaɓinsa aka yi ba. Na biyu, malamai sun keɓe abin da aka yi saboda lalurar ciwo. Na uku, sun yi saɓani game da wanda ya riga ya yi. Imam Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, yana ganin wurin ya zama najasa saboda jinin da ya tsaya a ciki, don haka a gusar da shi idan ba za a cutu ba. Nafarawi, Bamalike mai sharhin Risala, yana ganin ba a kallafa wa mutum ƙone wurin ba, abin yafewa ne, kuma sallarsa ta inganta. A ɓangaren Shi'a kuwa, akwai manyan malamai, irin su Ayatullahi Sistani, da suka halatta zanen bisa wasu sharuɗɗa.

Lalle bai shiga wannan hani ba, saboda ba a huda fata, ba a fitar da jini, kuma launinsa gushewa yake yi.

7.7 Yadda Bahaushe ke Nuna Imaninsa

Daga abin da ya gabata za a iya amsa tambayar da aka buɗe babin da ita. Dalili na farko shi ne hanin da ya zo a littattafan da malamansa ke karantarwa. Na biyu, tun bayan kafuwar daular Sakkwato Musulmi ne masu rinjaye da mulki a ƙasarsa, don haka ba shi da irin buƙatar Bakibɗe ta riƙe alama a fata. Na uku, girman da yake bai wa rubutun Alƙur'ani. Mutumin da ba ya taɓa Mus'hafi sai da alwala ba zai so aya ta zauna a fatar da zai shiga makewayi da ita ba.

Wannan bai hana shi kusantar da rubutu ga jikinsa ba, sai dai ta wasu hanyoyi. Yakan rubuta ayoyi a allo, ya wanke ya sha, wato rubutun sha. Yakan naɗe takarda a ɗinke ta cikin fata ya rataya, wato laya, ko ya ɗaura a damtse ko ƙugu, wato kambu da guru, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan waɗannan ma. Sauran alamominsa su ne rawani da carbi da gemu da hijabi. Dukkansu ana iya cirewa ko sabuntawa. Alama ɗaya mai zama a fata da ake dangantawa da ibada ita ce tabon sujada a goshi. Wasu kan haɗa shi da aya ta 29 a Suratul Fathi, amma malaman tafsiri da yawa sun fassara alamar da ke cikin ayar da haske da natsuwa, kuma sun yi gargaɗi ga mai ƙirƙiro tabon da gangan don a gani, saboda riya ce.

7.8 Sauye-sauyen Zamani

Tsagar gado tana ja da baya ƙwarai. Wa'azin malamai da ilimin boko da zaman birni sun taimaka, sannan katin shaida da takardar haihuwa sun karɓe aikin da take yi a da. Likitoci ma sun yi ta jan kunne cewa aska ɗaya a jikin mutane da yawa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro tsaga ko zane, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyu.

A daidai lokacin da tsohuwar al'ada ke tafiya, sabuwa tana shigowa. Tun da Samuel O'Reilly ya yi wa injin zane mai aiki da lantarki rajista a Amurka a 1891, sana'ar ta sauƙaƙa ta bazu. Yau matashi a Kalgo ko Birnin Kabi yana ganin 'yan ƙwallo da mawaƙa a wayarsa da gicciye ko ayoyi ko sunaye a damatsansu. Yiwuwar wani ya kwaikwaya, har ya rubuta sunan Allah da Larabci yana ganin ƙauna ce ya nuna, ba abu ne mai nisa ba. Goge irin wannan zane yana buƙatar na'urar leza da zuwa asibiti sau da yawa, ga tsada, ga zafi, kuma ba kullum yake fita duka ba. Riga-kafi dai ya fi magani.

7.9 Jagora ga Malami

Ajin da ɗalibin wannan kwas zai koyar a Jihar Kabi na iya haɗa Bakabe da Bagobiri da Bafulatani da Bazabarme da ɗan ƙasar Zuru, Musulmi da Kirista. Don haka a kula da waɗannan:

(a) Kada a tsayar da yaro mai tsaga a gaban allo a matsayin kayan koyarwa. A yi amfani da zane a allo ko hotuna.
(b) A raba bayanin al'ada da yanke hukunci. Aikin malamin Hausa shi ne ya bayyana abin da ake yi da dalilinsa, ya kawo matsayin addini da gaskiya, ba tare da ya zagi iyayen kowa ba.
(c) A tsawata wa masu tsokana. Wasan barkwanci, irin na Gobirawa da Yarbawa, yana da ƙa'ida da yardar juna. Kiran yaro da laƙabin fuskarsa har ya ƙi zuwa makaranta cin zali ne.
(d) A kawo misalan wasu addinai cikin ladabi, kamar yadda malami zai so a ambaci nasa.
(e) A tattara sunayen tsaga da siffofinsu daga bakin dattawa da wanzamai, domin kalmomin suna ɓacewa tare da al'adar.

7.10 Kammalawa

An ga cewa tsagar Bahaushe ta gado ce da ado da magani, kuma ɗan abin da ya shafi imani a cikinta ragowar addinin gargajiya ne. An ga al'ummun da suka zana addininsu a fata, galibi saboda matsin da suka samu kansu a ciki. An kuma ga dalilan da suka sa Musulmin ƙasar Hausa ya bi wata hanyar daban. Tarihin Gwandu da Kabi ya nuna haɗarin auna addinin mutum da fuskarsa, kuma malamin da ya fahimci haka zai iya koyar da wannan darasi ga aji mai 'ya'yan zuriyoyi daban-daban ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

Tambayoyi

1. Bambance tsaga da jarfa da ƙunshi, tare da bayanin dalilin da ya sa ɗaya ke gushewa sauran ba sa gushewa.
2. Ta wace fuska tsagar ɗan wabi ta saɓa wa gicciyen Kibɗawa?
3. "Tsagar Bakabe shaidar zuriya ce." Tattauna wannan magana bisa tarihin Gwandu da Kabi daga 1805 zuwa 1934.
4. Kawo ra'ayin Nawawi da na Nafarawi game da wanda ya riga ya yi zane a jikinsa.
5. Kawo dalilai huɗu da suka sa tsagar gado ke ja da baya.

Jinga

Ziyarci wani wanzami a garinku, ko a Kambaza ga waɗanda ke koyon aikin koyarwa a yankin Gwandu. Nemi sunayen tsaga biyar kamar yadda ake furta su a karin harshen wurin, ka zana siffar kowace, ka rubuta dalilin yin ta. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.